Yawon da Ya Raba Ni da Lamba Tara

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen unguwannin Doha gaba ɗaya, akwai wata tafiyar ƙafa da na yi a bakin tekun garin nan da wani tsohon Bature mai ɗingishi wadda ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ba wani abin tashin hankali ne ya faru ba. Babu wanda ya rasu, babu wanda aka kora daga aiki. Riga ce kawai na tuɓe, mai lamba tara a baya. Amma duk wanda ya san ni a wancan lokacin ya san raba ni da rigar nan ya fi cire mini haƙori wuya.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Daga sakandare na shiga koyon gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a Kaduna, kuma wannan sana'ar ce ta kawo ni Katar. Ina zaune a unguwar Fereej Abdel Aziz, muna raba ɗaki da abokan aiki. A ƙasa mai zafi irin wannan mai gyaran na'urar sanyi ba ya zama, daga wannan bene sai wancan. Abin da yake nawa a duk mako shi ne safiyar Juma'a, kuma ƙwallo nake ba wa ita.

Ni na kafa ƙungiyarmu ta 'yan Najeriya. Mun fara mu kaɗan da ƙwallo ɗaya a wani fili a Al Wukair, a hankali muka yi yawa. Akwai ɗalibai masu karatun digiri na biyu da na uku, akwai ma'aikatan jinya da masu aikin hannu irina, daga Kano, Katsina, Jos, Kafanchan, har Zuru. Da an idar da sallar asuba muke kama hanya, don mu tashi da wuri, masu zuwa masallaci su je su yi wanka, masu zuwa coci su ma su samu, tunda a nan yawancinsu ranar Juma'a suke ibada. Ni ne kyaftin, ni ne koci, ni ne mai lamba tara, ni ke buga fanareti, kuma usur ɗin ma a wuyana yake. Kowa Babban Yaya yake ce mini. Ina jin daɗin sunan nan fiye da yadda ya kamata.

A lokacin na haura arba'in. Gwiwata ta dama in na yi ruku'u har na kusa da ni a sahu yana jin ƙararta. Amma ban yarda na tsufa ba, kuma ina da hujja. A wajen atisaye babu wanda ke iya ƙwace ƙwallo a ƙafata. In na ɗauko ta daga tsakiya sai in ratsa 'yan baya kamar ba sa nan, in daka ta a raga, yara su tafa. Ranar wasa da 'yan Sudan ko 'yan Gana kuwa, kafin in juya an ɗauke ta. Sai in ɗora laifi a kan wanda ya ba ni ita, in ce bai ba ni a ƙafa ba. Ko in ce alƙalin wasa ya tsane mu. Na yi wa yaran mutane tsawa a gaban baƙi ba sau ɗaya ba, suna sunkuyar da kai suna cewa in yi haƙuri. Allah ya yafe mini wannan.

Akwai wani ma'aikacin jinya ɗan Jos a cikinmu, siriri, mai ƙafar hagu kamar wuƙa, ga shi da barkwanci. Kowa ya san shi ya dace da gaba. Ni ma na sani, shi ya sa nake tura shi gefe, ko in ajiye shi a benci in ce ya makara. Bai taɓa mayar mini da magana ba. Kawai sai ya fara rashin zuwa, ya ce an canza masa lokacin aiki a asibiti. Daga baya aka gaya mini an gan shi yana atisaye da 'yan Gana. Gasar da baƙi 'yan ƙasashe daban-daban ke yi tsakaninsu in sanyi ya shigo ta kusa, kuma na san in ya tafi, abokansa na Jos da Kafanchan za su bi shi. Ƙungiyar da ba a taɓa tambayar addinin kowa a cikinta ba za ta tsage daidai inda muke tsoro. Na san wannan sarai, amma abin da nake faɗa a ɗaki shi ne, wanda zai tafi ya tafi, khalas, shi ke nan.

Ana cikin haka aka tura ni wani gida a Bin Mahmud, na'urarsu tana zubar da ruwa. Wani dogon tsoho Bature ya buɗe mini, da sanda a hannu da tabon ɗinki sabo a gwiwa. Aikin gwiwa aka yi masa a nan, yana jinya a wurin 'yarsa da ke aiki a Doha. Ina kan tsani ina kwance murfin na'urar, shi kuma yana kallon ƙwallo a talabijin ya kashe sautin. Ni da bakina ba ya shiru, sai na fara yi masa bayanin wasan da guntun Turancina. Na ce kocin masu jar riga bai san aikinsa ba, na faɗa masa wanda ya kamata a cire da wanda ya kamata a sa. Yana ta gyaɗa kai kamar ɗalibi. Sai 'yar ta fito daga kicin tana dariya, ta ce ai babanta ya buga wa ƙasarsu Norway ƙwallo a zamaninsa, daga baya kuma ya yi shekaru yana horar da ƙungiyar wata ƙasa.

Mai hankali da nan zai ja bakinsa ya gama aikinsa. Ni kuwa sai na gayyace shi Al Wukair. Ba don ya gyara mana komai ba, gaskiya. So nake babban koci daga Turai ya gan ni ina ratsa 'yan baya, ya faɗa a gaban kowa cewa da a can aka haife ni da na yi suna.

Ya zo kuwa, Juma'a biyu a jere, ɗaya atisaye, ɗaya wasan sada zumunci da 'yan Sudan. Ranar farko yana sauka daga mota ya fara tsintar duwatsu da robobin ruwa a filin, yana dogara sanda. Yara suka ruga suka karɓe, wani ya kawo masa kujerar roba ya zaunar da shi kusan da ƙarfi. Ya ce a garinsu aikin fili na kowa ne, iyaye da 'yan wasa da koci duk tare suke yi, irin gayyarmu ke nan. Ya tambaye ni me ya sa aka hana shi. Na ce masa a wurinmu ba a barin babba ya wahala yara suna kallo. Ya dube ni, ya dubi filin, ya ce har a cikin fili? Na ce ko'ina ma. Ina faɗa ina taƙama, ban san na amsa wata tambaya daban ba.

A atisayen ranar na ci ƙwallaye son raina. A wasan 'yan Sudan kuwa suka lallasa mu, ni ko sau ɗaya ban buga ta nufi raga ba. Koci, haka muka koma kiran tsohon, ya kalli komai daga kujerarsa. Ya sha shayin karak ɗin da aka miƙa masa, ya gode, ya tafi.

Tsakiyar mako ya kira ni a waya. Ya ce likita ya umarce shi da tafiyar ƙafa kullum saboda gwiwar, ko zan raka shi bakin teku in na tashi aiki? Na ce a raina, yawwa, yabon ne ya zo. Na yi wanka na sa turare.

Bayan la'asar ne, iska mai daɗi tana kaɗawa, jiragen ruwan katako suna ta lilo a bakin gaɓa. Muna tafe a hankali, sandarsa tana ƙwas ƙwas a kan dutsen hanya. Bai yi maganata ba, tasa ya yi. Ya ce a wani ƙaramin garin masunta aka haife shi can arewacin ƙasarsu, inda in hunturu ya yi rana kan ɓace gaba ɗaya na wani lokaci. Filinsu tsakuwa ce, kuma sai sun kwashe ƙanƙara da shebur kafin su buga. Ya ce shi ba gwani ba ne, huhu kawai Allah ya ba shi, yana iya gudu daga farko har ƙarshe a tsakiyar fili. Huhun nan ya kai shi babban birni, ya kai shi wata ƙasar, ya sa aka kira shi ya sa rigar Norway. Da ƙafa ta fara nauyi sai ya koma ƙungiyar garinsu don ya ƙarasa a gida.

A nan ne, in ji shi, aka cuce shi da alheri. Yaran da yake bugawa da su sun tashi da hotonsa a bangon ɗakinsu. Duk wanda ya samu ƙwallo shi yake nema. Kocinsu kuma tsohon maƙwabcinsu ne, ba zai iya buɗe baki ya ce masa ya zauna ba. A shekarar ƙungiyar ta faɗo daga rukuninta. Babu wanda ya zage shi. A kanti ana gaishe shi da fara'a, a coci ana matsa masa wuri. Ya ce shirun nan ya fi masa zagi ciwo, don a cikinsa ya gane kowa ya daɗe da sanin abin da shi kaɗai bai sani ba.

Shi ya sa da ya zama koci, daga ƙaramar ƙungiya zuwa matasa, har aka ba shi ƙungiyar wata ƙaramar ƙasa, ya ɗaukar wa kansa alkawari ba zai bar ɗan wasa cikin irin wannan duhun ba. Amma ba ya gaya wa mutum a ofis, tebur a tsakaninsu, ba ya kuma yi ta waya. Cewa yake ya sa takalmi su taka. Ya ce in kuna tafe kafaɗa da kafaɗa, ba dole sai mutum ya kalli idonka ba. Yana iya kallon ruwa ko dutse har ya haɗiye abin da zai haɗiye, ba wanda ya ga fuskarsa. Ya ce ya ci wasanni, an ci shi da yawa, a ƙarshe aka sallame shi kamar yadda ake sallamar kowane koci. Amma mutanen da ya yi wa wannan rakiyar, yawancinsu har yau suna aiko masa da gaisuwa.

Na yi dariya na ce wallahi dabara ce mai kyau, ni ma zan ara. Muka ci gaba da tafiya. Sai na dubi ƙafafunmu a jere. Na dubi tekun da nake ta kallo tun ɗazu. Na tsaya cak.

"Koci, wannan yawon da muke yi fa?"

"Likita ne ya ce in riƙa tafiya," ya ce, bai juyo ba. "Amma ba shi ya ce in kira ka ba."

Raina ya ɓaci har kunnuwana suka ɗau zafi. Na ce ai da idonsa ya gani, a atisaye babu wanda ya iya karɓar ƙwallo a ƙafata.

"Babu wanda ya gwada," ya ce.

Ya zayyana mini abin da ya gani daga kujerarsa. In na doso, ɗan baya yakan rage gudu saura taki ɗaya, ya ɗan karkata jiki kamar mai ba da hanya a ƙofa. Gola yakan jira sai ƙwallo ta wuce sannan ya faɗi. Ya ce a duk yawonsa bai taɓa ganin 'yan wasa masu ƙaunar kyaftin ɗinsu haka ba, kuma ƙaunar ce take hana mu cin wasa.

Abin da na yi a nan ina jin kunyarsa har yau. Na juya na bar tsohon mutum mai sabon ɗinki a tsaye a bakin teku, na nufi tashar jirgin ƙasa, ko mota ban tsayar masa ba. Ni da na gama yi masa taƙamar cewa a wurinmu ba a barin babba ya wahala.

Kwanakin da suka rage kafin Juma'a ban ji daɗinsu ba. Ina kan tsani maganar tana dawo mini. Na ce ƙarya yake, Bature ne, me ya sani game da mu? Amma na ƙudura sai na gwada.

Muna da wani ɗan baya, ɗan Katsina mai karatun digiri na uku, ƙato ne amma ba ya gaishe ni sai ya rusuna. Ranar atisaye na kira shi tsakiyar fili a gaban kowa, na ce yau in na zo da ƙwallo ya tare ni da gaske. Ya yi murmushi ya ce ai kullum da gaske yake yi, Babban Yaya ne dai ya fi ƙarfinsa. Na san ba zan samu gaskiya ta nan ba, sai na bi ta inda ba shi da mafita.

"Na haɗa ka da Allah, ka tare ni yadda kake tare ɗan Sudan."

Murmushin ya ɗauke. Ya dubi sauran kamar mai neman ceto, kowa ya kau da kai. Na ɗauko ƙwallo, na yi yankan nan nawa da ake tafa wa. Ban ma ga ƙafarsa ba. Sai gani na yi ƙwallo tana wajensa, ni kuma ina gudu ni kaɗai.

"Yi haƙuri, Yaya," ya ce.

Na ce a sake. Ya sake ɗauke ta, ya sake ba ni haƙuri. Haka muka yi ta yi, yana ƙwacewa yana ba da haƙuri, har a ta ƙarshe na zame na zauna daɓas a ƙasa. Ya tsuguna a gabana idonsa ya kawo ruwa, kamar shi ya yi laifi. Ban san daga inda dariya ta zo mini ba, amma ta zo, na yi ta har da hawaye. Da suka ga haka sai su ma suka saki tasu, wadda nake jin sun daɗe suna riƙewa. A zaune a ƙasan nan na tuna duk tsawar da na yi musu a kan laifin da nawa ne, su kuma suna rufa mini asiri.

Washegari na sa rigar a leda na je na jira ɗan Jos a ƙofar gidansu a Bin Mahmud, ya dawo daga aiki da kayan asibiti a jikinsa. Na saya mana karak, na ce ya zo mu ɗan taka.

"Babban Yaya, in wa'azi ne fa, jiya na je coci."

Na ce ya dai zo. Muka bi layin shagunan aski da kantunan kayan miya, yana gefena, ina kallon gabana. A nan na gane gaskiyar Koci, don da fuska da fuska ne da ban iya ba. Na gaya masa na san na danne shi, na san dalilin da ya sa ya daina zuwa, kuma laifina ne. Muka wuce wani masallaci. Sannan ya ce shi bai taɓa son barinmu ba. Abin da ya kore shi shi ne ya ji ranar tana zuwa da zai ɗaga mini murya a fili, shi kuma a gidansu ba a yi masa tarbiyyar haka ba, gara ya tafi da mutunci. Na miƙa masa ledar. Ya buɗe, ya ga lambar, ya daɗe yana kallo, sannan ya kai ta hanci.

"An dai wanke ta ko?"

Wasanmu na farko a gasar, da 'yan Gana aka haɗa mu, yawancinsu 'yan zango ne, Hausarsu ras. Suna ganina a gefe da doguwar riga suka fara tsiya, wai ina tsohonku, ku taimaka ku sa mana shi. A da da faɗa za a yi. Ranar dariya na yi, don na gane su ma sun daɗe da sani. Koci ya zo yana kan kujerarsa. Tun kafin a fara na je na durƙusa na ba shi haƙurin barinsa da na yi. Ya ce in manta, wani ɗan wasa ya taɓa barinsa a kan dutse ana ruwan sama, ya tafi da motar.

Wasa ya yi zafi, kowa ya ci ɗaya, ana dab da tashi aka kayar da ɗan Jos a gaban gola, alƙali ya ba mu fanareti. Sai na ga duk kawunan 'yan wasana sun juyo gefe. Ɗan Katsina ya rugo yana haki, ya ce in shigo in buga, ai fanareti ba ta buƙatar gudu, shi zai fita ya ba ni wuri. Ba zan ɓoye ba, takalmana suna cikin jaka a bayana, ni na sa su da hannuna da safe. Zuciyata ta ce wannan kaɗai, daga ita shi ke nan. Na saci kallon Koci, na ga ya ɗaga kai yana kallon sama kamar ba ya wurin. Na dubi ɗan Jos, yana tsaye da ƙwallo a hannu, bai ajiye ta ba, ni yake jira.

"Yalla, maza," na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "mai lamba tara ya buga."

Ya ajiye ta, ya ja baya, ya sa ta a kusurwa da ƙafar hagun nan. Bai yi wajen 'yan kallo ba, wajena ya yo da gudu, sauran suka biyo shi, suka danne ni har gwiwar ta yi ƙara. Ban taɓa jin daɗin ƙwallon da na ci da ƙafata kamar wannan da ko taɓa ta ban yi ba.

Ba mu ɗauki kofi ba a shekarar, 'yan Sudan suka fitar da mu daga baya. Amma babu wanda ya tafi, kuma har yau ƙungiyar tana nan, masu masallaci da masu coci a mota ɗaya. Koci ya koma ƙasarsu da zafi ya fara shigowa, ya bar mini sandarsa, wai gwiwata za ta nema nan gaba. Ta kuwa nema.

Abin da na koya shi ne, ladabin da na ƙasa ke yi maka abu ne mai kyau, amma ba madubi ba ne. In ka girma a cikin mutanenmu, ba za a gaya maka ka gaza ba, za a yi ta ba ka hanya ne har ka kai kowa ƙasa. Babba shi zai nemi gaskiya da kansa, ya kuma sauƙaƙa wa mai faɗa masa. In kuma kai ne za ka faɗa wa wani, ka bar masa inda zai kai idonsa. Yanzu ni ne koci kawai, usur da kujerar roba. Yaran sun san ni, in na ce wa mutum ya sa takalmi mu taka, sai ka ga jikinsa ya yi sanyi. Bara ɗan Jos ne ya same ni da kansa bayan atisaye, furfura ta fara fito masa a gemu, rigar tana hannunsa a ninke. Ya ce, "Babban Yaya, zo mu taka, kafin ka kira ni."